Zamanin da Ake Kiran Intanet ta Wayar Tarho

A ranar 30 ga Satumba, 2025, kamfanin AOL na Amurka ya rufe hidimarsa ta shiga intanet ta layin wayar tarho, bayan ya shafe sama da shekara 30 yana gudanar da ita. Labarin bai dami kowa ba a nan Nijeriya, domin ba mu taɓa zama abokan cinikin wannan kamfani ba, kuma akasarin matasan da ke riƙe da wayoyi a yau ba su san cewa an taɓa yin zamanin da sai an buga lamba, an jira an ɗauka, sannan a shiga intanet ba. Ni kuwa labarin ya sosa mini zuciya, saboda a wannan zamanin na buɗe ido da kwamfuta, kuma har yanzu ina ganin akwai wani abu mai daraja da ya tafi tare da shi, wanda saurin da muka samu daga baya bai mayar mana da shi ba.

Kafin a fahimci yadda abin yake, dole ne a tuna cewa wayar tarho ita kanta alama ce ta gata. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin NITEL ne ke riƙe da kusan dukkan layukan waya a Nijeriya, kuma layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Gidan da ke da tarho a unguwa shi ne gidan da maƙwabta ke ba wa 'yan'uwansu na nesa lambarsa, a kira a ce don Allah a kira wane, a aika yaro da gudu ya kirawo shi. A cikin wannan hali ne hukumar sadarwa ta NCC ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet a 1996, aka fara da Legas, sannan abin ya gangaro Abuja da Kaduna da Kano sannu a hankali. Mai son intanet a gida sai ya tanadi abu huɗu: kwamfuta, da modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya), da layin tarho mai rai, da rajista a wurin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni. Kuɗi ma biyu yake biya, na kamfanin intanet daban, na wayar da ya buga daban, domin a wurin masu tarho duk mintin da ya yi a intanet kira ne kamar kowane kira. Wanda garinsa babu kamfanin intanet kuwa sai ya buga lambar wani gari, ya biya kuɗin kiran nesa.

Tamu kwamfutar ta shigo gida ne dab da shekarar 2000, ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai a sauke a Legas, 'yan kasuwa su hauro da su Kano. Pentium II ce mai ɗauke da Windows 98, da ƙwaƙwalwar aiki ta megabayit 64 da ma'ajiya ta gigabayit 4, kuma a lokacin babu wanda ya yi zaton za mu iya cika wannan ma'ajiya a tsawon rayuwarmu. An ajiye ta a falon Baba saboda a nan wayar tarho take. Allonta mai ƙaton ƙeya ne, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin sauƙi, a ƙarƙashin teburin kuma ga sitabilaiza ga UPS, wanda ke fara ƙara da zarar an ɗauke wuta, ya ba ka 'yan mintoci ka adana aikinka ka kashe na'urar yadda ya kamata. Umma ce ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa, ɗaya na allo, ɗaya na akwatin, ɗaya na madannai, saboda ƙurar hunturu, kuma ba a barin falon sai an rufe ta. Linzamin nata, wato mouse, yana da ƙwallon roba a ciki, wanda idan ya fara gardama sai a buɗe a ciro shi, a kankare dattin da ya taru a kan 'yan sandunan ciki da tsinke.

Tun kafin a haɗa ta da waya ta riga ta zama abin amfanin unguwa. A kanta aka buga takardun neman aiki, da katin ɗaurin aure, da jadawalin makarantar Islamiyya, da kundin kammala digiri na ɗaliban da suka gaji da injin tafireta. Muna da faifan Encarta, wanda a cikinsa na fara ganin taswirar duniya da za a taɓa ƙasa ta buɗe da bayaninta, muna da Mavis Beacon da muka koyi bugun rubutu da yatsu goma a kansa, ga Paint ga Solitaire na lokacin hutu. Duk wanda ya zo da aiki da faifansa na fulofi yake zuwa, mai cin megabayit 1.44, wanda hoto guda na wayar yau ba zai shiga cikinsa ba, amma yana ɗauke littafi sukutum idan rubutu ne zalla.

Abin da ba na mantawa shi ne kukan modem. Za ka zare igiyar daga jikin tarho ka soka ta a bayan kwamfuta, ka buɗe ƙaramar tagar da ke neman sunanka da kalmar sirri, ka danna, sai ka ji sautin layi, sannan ka ji tana buga lambobin ɗaya bayan ɗaya. Idan an yi sa'a ba a tarar da layin a cike ba, sai wani siririn fito ya biyo baya, sai ƙara mai hawa da sauka, sai wata doguwar shuuu, daga nan sai shiru, kuma wannan shirun shi ne albishir, domin a kusurwar allo ta ƙasa za ka ga 'yan kwamfutoci biyu suna ƙyaftawa. Daga baya ne na fahimci cewa wannan hayaniya magana ce ta gaske tsakanin na'urori biyu. An gina layin tarho ne domin muryar ɗan Adam, saboda haka aikin modem shi ne ya mayar da lambobin kwamfuta su zama sauti, takwaransa na can ya sake mayar da sautin ya zama lambobi. A cikin waɗancan daƙiƙoƙi na farko suna gabatar da kansu ne, suna gwada lafiyar layin, suna daidaitawa a kan saurin da zai iya ɗauka. Mu da muka saba har mukan gane daga yanayin ƙarar ko haɗuwar za ta yi kyau ko za ta yanke, tun kafin allo ya faɗa mana.

A jikin kwalin modem an rubuta 56k, wato kilobit 56 a daƙiƙa, amma wannan ƙololuwa ce da ba a cika kaiwa gare ta ba ko a ƙasashen da layukansu ke da kyau. A wajenmu idan aka samu 33.6 ko 28.8 an gode Allah. A irin wannan sauri megabayit ɗaya yana cin kusan minti 5 kafin ya sauka, hoto kuma daga sama yake fara bayyana, layi bayan layi, ka ga hula, ka ga goshi, ka jira idanu. Shi ya sa muka koyi kashe hotuna a Internet Explorer da Netscape idan karatu kawai muke so, muka koyi buɗe shafuka da yawa mu adana su, mu yanke layi, sannan mu zauna mu karanta a natse. Akwatin imel na Hotmail a lokacin megabayit 2 ne kacal, sai mutum ya riƙa share tsofaffin saƙonni kafin sababbi su sami wuri, kuma da Gmail ya fito a 2004 da gigabayit guda, da yawa daga cikinmu ba su gaskata ba da farko.

Babban dalilin da ya sa Baba ya yarda aka jawo intanet shi ne Yaya, wanda ke karatu a Ingila. Wasiƙa ta gidan waya tana ɗaukar makonni kafin ta isa, kiran waya zuwa ƙasar waje kuwa sai da babban dalili. Da imel ya samu sai ya zama al'ada a daren Juma'a bayan sallar isha'i a taru a falo, ni ina kan kujera a gaban madannai, sauran suna zaune a kan darduma. Ba a haɗa layi sai an gama rubutu tsaf a manhajar imel ta Outlook Express. Baba ne ke farawa, a taƙaice, da sallama da nasiha a kan salla da karatu. Sai Umma ta matso ta ce, "Rubuta masa, ka ce ina gaishe shi, ina sa masa albarka. Ka tambaye shi ko yajin da na ba da a kai masa ya isa, kuma ya riƙa rufe ƙirjinsa saboda sanyin nan nasu." Idan na karanta mata abin da na rubuta takan ce, "A'a, ba haka na ce ba, mayar da shi yadda na faɗa," sai in goge in gyara. Ƙannena kowa ya faɗi nasa, har da ƙaramarmu da ke son a sanar da shi cewa ta kai izu biyu. Bayan an karanta wasiƙar gaba ɗaya kowa ya amince, sai Baba ya ce, "To, bismillah, haɗa." Modem ya yi kukansa, saƙonmu ya fita, nasa na makon ya shigo, a yanke layi nan take, sannan in karanta amsarsa da ƙarfi kowa yana saurare. Umma takan sa a buga mata a takarda ta ajiye a cikin adakarta.

Duk tsawon lokacin da kake intanet, wayar gida a toshe take, mai kira ba zai samu ba, kuma idan wani ya ɗaga kan tarho na ɗaki bai sani ba, ƙarar na'ura ce za ta cika masa kunne, kai kuma layinka ya yanke, abin da ka kusa gama saukewa ya koma farko. Wannan ya sa shiga intanet ya zama abin da ake neman izini a kansa. "Baba, zan iya hawa layi na minti goma?" "Bari tukuna, ina jiran kira daga Kaduna." Idan hadari ya haɗo da damina, abu na farko shi ne a zare igiyar waya daga kwamfuta, domin tsawa na bin layin ta ƙona modem, kuma kusan duk wanda ya yi wannan zamani ya san gidan da haka ta faru. Bayan ruwan sama mai yawa layin kan yi kwanaki yana ƙara ko ya mutu ɗungurungum, a haƙura har ya dawo.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni ina jin daɗin bana, kuma ba jinkirin nake kewa ba. Abin da nake kewa shi ne cewa a lokacin shiga intanet aiki ne mai farko da ƙarshe. Kamar zuwa rijiya ne: ka san abin da ya kai ka, ka ɗauki gugarka, ka ɗebo, ka dawo gida ka yi amfani da abin da ka samo. Kafin in haɗa layi nakan rubuta a takarda abubuwan da zan nema, saboda kowane minti kuɗi ne, idan na sauka kuma na sauka ke nan, babu abin da zai biyo ni ɗaki ko masallaci ko wurin cin abinci yana kirana. Hankalin mutum nasa ne a sauran yinin. Haka nan tsadar layi ta koya mana rubutu, domin wanda ya san sau ɗaya zai aika saƙo a mako yana zama ya yi tunani, ya fara da gaisuwa, ya jera maganarsa, ya sake karantawa. Saƙonnin da na karɓa a waɗancan shekaru wasiƙu ne na sosai, masu kai da ƙafa, kuma ko gardama ake yi, kafin amsa ta iso an kwana, zuciya ta huce. Ina da yaƙinin cewa yawancin zage-zagen da muke gani yau a dandalin sada zumunta da ba a rubuta su ba in da sai an jira dare kafin a aika.

Wani abin kuma shi ne kwamfutar ta gida ce, ba ta mutum ɗaya ba. Allonta yana fuskantar falo, kowa na ganin abin da kake yi, kuma abin da ɗaya ya gano sai ya kira sauran su zo su gani. Yau a gida ɗaya za ka tarar da allo bakwai, kowa ya sunkuya a kan nasa.

A wannan zamanin ne kuma na fara ganin mutanenmu a intanet, abin da ya faranta mini rai fiye da duk wani shafin Turawa. Shafin Gamji ya zama mahaɗar masu rubutu a kan al'amuran Arewa, inda malaman jami'a da ma'aikata da ɗalibai na gida da na waje ke buga dogayen maƙaloli, wasu su mayar da martani da nasu dogayen. Mukan adana su a fulofi, a buga a takarda, ta zaga hannu goma a majalisa. A farkon shekarun 2000 aka sami zaurukan Yahoo irin su Finafinan Hausa da Marubuta, inda ake tattauna adabi da fim da al'ada ta hanyar imel, marubuci a Kano ya yi magana, ɗalibi a Jamus ko Amurka ya amsa masa washegari. Matsalar da ta dame mu duka ita ce haruffa masu lanƙwasa, domin madannai ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Wasu sukan sa waƙafin sama (') kusa da harafin, wasu su rubuta shi da babban baƙi a tsakiyar kalma, wasu su bar shi haka nan mai karatu ya gane da kansa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffan kwamfuta masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe, ciki har da wanda ake kira Rabi'at, kuma wannan aiki ya taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai. Ranar da na fara ganin ƙ ta fito daidai a kan allonmu na ji cewa na'urar ta karɓi harshena.

Kwamfutocin wancan lokaci suna buɗuwa, kuma wannan ma babban abu ne. Da sukundireba guda za ka kwance murfin akwatin, ka ga inda ƙwaƙwalwa take, ka ƙara mata, ka sauya modem, ka hure ƙura daga fanka. Idan Windows ta rikice, ko cutar kwamfuta ta shigo ta fulofin wani, sai a tayar da ita da faifan farawa, a share ma'ajiyar, a sake ɗora komai daga tushe, a yi ta neman faifan da zai sa sauti ko firinta su yi aiki. Babu bidiyon koyarwa, sai dai ka je wurin wanda ya riga ka sani ka tsaya a bayansa kana kallo, kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Da yawa daga cikin waɗanda yau ke riƙe da sassan fasahar sadarwa a bankuna da jami'o'i da ma'aikatu daga nan suka taso, daga kwance tsohuwar Pentium a tsakar ɗaki. Wayar da ke hannuna yanzu ta fi waccan kwamfuta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a liƙe take, ba a yi ta domin in san cikinta ba, kuma yaran da suka tashi da ita sun iya amfani da ita ba tare da sun san yadda take aiki ba.

Gaskiya ne cewa wannan daɗi na 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan mutane ba ta gida suka fara shiga intanet ba, ta shagunan intanet suka fara, inda ake sayen tikitin awa ɗaya, ko a kwana ana lilo a intanet saboda na dare ya fi araha kuma ya fi sauri, musamman a shagunan da suka kafa farantin VSAT mai jawo intanet daga tauraron ɗan Adam. Can ɗalibai suka riƙa duba sakamakon jarrabawa, can aka riƙa cike takardun neman gurbin karatu. 'Yan mata da matan aure kuwa, waɗanda zuwa irin waɗannan shaguna bai zo musu da sauƙi ba, su aka fi bari a baya, sai wadda Allah ya sa akwai kwamfuta a gidansu. Da aka yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, ana sayen layi sama da Naira 20,000, kwanan wayar tarho ya fara ƙarewa. Cikin 'yan shekaru aka daina gyara igiyoyin, ƙaramin modem mai layin salula da ake sokawa a gefen kwamfuta ya karɓi aikin, daga bisani wayar hannu ta haɗiye komai. Manomi a ƙauye yau yana aika saƙon murya ga ɗansa da ke Saudiyya a cikin daƙiƙa, kuma wannan alheri ne da ba zan so a mayar da shi baya ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yadda tarihin wancan zamani ke salwanta. An rufe dandalin GeoCities a 2009, da miliyoyin shafukan da mutane suka gina a kansa da hannunsu. Yahoo ta goge abubuwan da aka ajiye a zaurukanta, sannan ta rufe su gaba ɗaya a Disambar 2020, wanda hakan ke nufin muhawarorin shekaru a kan adabin Hausa sun tafi, in ban da abin da wasu suka kwafa suka ajiye. Faifan fulofi yana lalacewa da zafi da ƙura, na'urar karanta shi ma sai an tona kafin a samu. Rubuce-rubucen da aka yi da tsofaffin salon haruffan Hausa kuma, da yake an ɗora baƙaƙen ne a gurbin wasu alamomi kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi gurbinsa, ya yaɗu, idan aka buɗe su a kwamfutar da ba ta da salon sai wasu alamomi su fito a wurin ɓ da ɗ da ƙ, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a musanya. Na sami na'urar karanta fulofi mai igiyar USB, kuma na fara kwashe abin da ya rage a faifanmu, ina gyara haruffan, ina adanawa a wuri fiye da ɗaya. Duk wanda ke da irin waɗannan faifai a cikin kwali ko a ƙasan gado, musamman masu ɗauke da rubutun Hausa ko saƙonnin waɗancan zauruka, ina roƙonsa da ya fito da su a kwashe tun suna karantuwa.